Kaset ɗin Gem da Wutar Inna

Lokacin da anka yanke mu daga Sakkwato anka ce mun zama jiha, ni ma na ɗauka har da ni anka yi. Na naɗe riga biyu da wando ɗaya na baro Argungu na taho Birnin Kebbi, don na ji ana cewa kuɗi za su zubo. Sun zubo kam, sai dai ban san unguwar da sunka zuba ba. Abin da na gani da idona shi ne ma'aikata cike da motoci, katifu ɗaure a bisa, kowa na neman wurin kwana. Ɗakin da akuya ke kwana ciki jiya, yau an shafa mai farar ƙasa an ce na haya ne.

Makaranta aji uku na sakandare na ajiye ta. Na iya karanta abin da ke jikin kwali, na iya gaisuwa da Turanci har mutum ya zaci zan ci gaba. Da wannan ɗan ilimin na kafa rumfa bayan tasha: talabijin ƙarama mai tari kafin ta kama, da injin gem guda, irin mai cin kaset. Yara su biya su buga ƙwallo, ko su harbi jirage, ko su yi dambe da mutanen da ba su san su ba. Kaset ɗin kuwa ɗan akwatin roba ne, bai fi sabulun wanki girma ba, da takarda mai hoto manne a gabansa. In ya ƙi kamawa ka zare, ka hura mai iska kamar mai tofi, ka mayar. Aikin ke nan. Ba a arziki da shi, amma ana cin tuwo.

Wata rana da hantsi wani mutum ya tsaya a rumfata yana jiran a yi mai facin taya. Injiniya ne na wajen ruwa, cikin waɗanda anka kwaso daga Sakkwato, ya yi karatu a Turai. Ya ɗauki kaset ɗaya daga cikin nawa yana auna shi a tafin hannu kamar mai sayen kankana.

"Samari, wannan na sayarwa ne?"

"Ranka ya daɗe, komai na nan na sayarwa ne. Ni kaina in farashi ya yi kyau a zauna a yi magana."

Ya yi dariya, ya ce ban san abin da nake riƙe da shi ba. Kaset iri biyu ne. Akwai na jabu, marar nauyi, wanda ake rubuta wasa dubu a jikinsa, ka kunna ka tarar wasa biyar ne sunka sake riga. Akwai kuma na asali, mai nauyi, wanda alhazai da masu zuwa waje ke tsaraba da shi. Shi na asalin yake so, kuma sai takardar gabansa na nan fes, ba yagewa, ba tabo. Abin da ya ba ni a kan wannan guda ɗaya, mako guda na yi ina cin shinkafa da nama, har mai abinci ta tambaye ni ko gado na ci.

Na bi shi gidansa a Gwadangaji. Wallahi kabad ne na gilashi a falo, ya jera su ciki layi-layi, ko injin bugawa ban gani kusa ba.

"Yallaɓai, jere kake yi kamar amarya? Ina kwanonin?"

"Kai dai bakinka zai kashe ka. An daina yin su, ka gane? Injin faifai ya fito, kowa can zai koma. Nan gaba kaɗan ko da kuɗi ba ka samun wannan. Duk wanda ka samu, kawo mini."

A hanyar dawowa ne wayona ya motsa, kuma tun ranar ban sake ganin daidai ba. Mu mutanen fadama ne. Manomin albasa mai hankali ba ya sayarwa ranar da ya cire, adana ta yake har ta yi wuya a kasuwa. Kuma na san kaina: kuɗin ɗai-ɗai ciki ke cinye su. Ga shi maƙwabcina, wani ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja, ya ce bayan girbi zai sayar da mashin ɗinsa ya sayi sabo. Lokacin duk wanda ke da mashin a Birnin Kebbi ya fita daga sahun masu kwana da yunwa, don ma'aikata ba sa son tafiya ƙasa. Na koma wurin Injiniya na tambaye shi, in na tara arba'in masu kyau na kawo a tashi ɗaya, za su kai kuɗin tsohon mashin? Ya ce in duk kamar na farkon suke, za su kai. Na je na kama hannun ɗan kabu-kabu na ce kada ya ba kowa, mashin nawa ne, ya ci gaba da hawa mini shi kafin girbi.

Na shiga farauta. Gidajen alhazai, 'ya'yan manyan ma'aikata da sunka gaji da nasu, rumfunan gem da ke rufewa, har Jega da Kamba na je a bayan motar kaya. Da farko kyauta ma ake ba ni, ko in ba yaro na jabu biyu ya ba ni na asali ɗaya yana murna ya cuce ni. To amma bakina. Ba na iya sayen abu in yi shiru, sai na tsaya na yi wa mai shi dariya. Kafin wata biyu duk garin an san akwai wani mahaukaci bayan tasha mai sayen tsohon kaset. Yaron da ko fatiha bai gama iyawa ba sai ya ɗaga kaset ya ce mini, "Wannan mai nauyi ne, ƙara." Wani mai shagon kayan lantarki ya kwashe sauran nasa ya ɓoye a ƙarƙashin kanta, kullum na je sai ya ce dala ta hau. Na ce kaset ɗin da ya shekara uku yana shan ƙura a shagonka, yaushe ya je ya gano dala? Ya ce in ban so in bari. Ni na lalata kasuwar da kaina, kuma ni kaɗai ke saye a cikinta.

Ita ma rayuwa ba ta tsaya jirana ba. Tiyar gero ta wannan kasuwa ba ita ce ta kasuwa mai zuwa ba. Fetur ya ɓace, sai a galan bakin titi, kamar turare. Wuta in an ɗauke tun safe sai ta ga dama, yara su zo su zauna gaban talabijin baƙa wuluk su tashi da kuɗinsu. Cin abinci na sau uku ya koma biyu, ya koma ɗaya da rabi. Rabin shi ne rogo da ƙuli. In na wuce mai tsire sai in gaishe shi da kyau, in tsaya ta inda iska ke kaɗowa. Kaset ɗin da a da nake samu da kuɗin koko, ya kai sai na haƙura da abincin kwana uku. Nakan buɗe kwalin in ƙirga su ina jin cikina na kuka, in ce yi haƙuri, taya ce wannan, wancan kuma fitila.

Mahaifinmu ya rasu ya bar 'yar gona a fadama, kawuna ke noma ta, duk shekara a ba Inna buhun shinkafa a ba ni buhu. Nawa a ɗakin Inna yake zama, kuma gaskiya ita ke cinsa idan nata ya ƙare. Wannan shekarar na je Argungu na ce zan sayar da nawa. Inna bandar kifi ce sana'arta tun ban zo duniya ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai dai "kai" ko "wanga yaro". Na nuna mata kaset ɗaya don ta ga inda shinkafar za ta. Ta juya shi, ta shinshina.

"Kai, buhun shinkahwa za ka saida ka sai sabulu?"

"Inna, ba sabulu ba ne. Mashin ne. Yana ƙarami ne tukuna."

"To. Allah shi raya shi."

Ita ta kira mai amalanke da kanta.

Damina na shigowa mai gidan da nake haya ya zo da fara'a, irin wadda ba ta alheri ba. Ya ce ɗan'uwansa zai zo daga ƙauye. Ɗan'uwan nan da ya iso, sai na ga akawu ne da takalmi sau ciki, ko garinsu ɗaya ba. Na koma kwana a rumfa, rufin buhu da kwano mai huji. Ni ruwa bai dame ni ba, na saba, amma kaset talatin da bakwai ba sa kwana nan. Na naɗe kwalin cikin zane na kai Argungu, na ɗora bisa gadon ƙarfen Inna.

"Inna, ga amana. Kada yara su taɓa. Babban abin dai laima, ita ce maƙiyiyarsu. In laima ta kama su, ni da mashin sai a lahira."

"Laima? Ni da laima mun san juna, shekara nawa muna hwaɗa. Tahi abinka."

Iyakar abin da na gaya mata ke nan. Na yi ta juya wannan magana a raina daga baya, ina neman inda zan ɗora wa wani laifi, ban samu ba.

Sai marka ta sauka. Ruwa ba dare ba rana, sama ta rufe kamar an kifa ƙwarya. Labari ya zo tasha cewa gulbi ya cika ya hau, ya shiga unguwannin bakin fadama, kuma unguwarmu ta Argungu na ciki. Wani direba ya kawo mini saƙo: Inna ta ce tana lafiya, kayana ma suna lafiya, in zo in na samu hali. Da na ji "kayana lafiya" sai hankalina ya kwanta, kunya ce ma ke hana ni faɗin wanne na fara tambaya. Kuɗin motar da ke aljihuna kuwa, a ranar wani yaro ya kawo kaset mai nauyi, na miƙa mai su. Na ƙara kwana tara ina haɗa sauran, har na cika uku. Talatin da bakwai da uku. Na shiga motar Argungu ina gaisawa da kowa kamar ɗan takara.

Na isa da hantsi. Bangon gidanmu da zanen ruwa har gwiwa, ɗakin Inna gefe ɗaya ya zauna. A tsakar gida an baza shinkafa bisa tabarma, ta kumbura ta yi tsiro, kaji ma sun ƙi ta. Maƙwabciyarmu ce ta tare ni, ta ce ranar da ruwa ya shigo Inna kwalina ta fara ɗorawa a kai ta fita da shi cikin ruwan sama, da ta dawo ɗaukar buhunta ruwa ya riga ta.

Inna ta fito tana ɗingishi, ruwa ya ci mata tsakanin yatsun ƙafa. Ta rame. Amma fuskarta kamar ranar Salla.

"Zamna, zamna. Ka ga kayanka."

Ta jawo kwando rufe da farin zane, ta yaye.

Suna jere a zagaye, kai da wutsiya, yadda take jera tarwaɗa in za ta kasuwa. Baƙi ƙirin, suna sheƙi. Takardun gaba duk sun koma kalar ƙasan tukunya, wasu sun naɗe, wasu kaset ɗin kansu sun ɗan lanƙwashe kamar suna ruku'u. Warin ya iso hancina kafin hankalina ya iso.

"Kwalin ya jiƙe a kaina," in ji ta. "Kwana huɗu ba rana. Na buɗe na ga takardar ta hwara hunhuna. Na ce wanga abu in na bar shi ruɓewa zai yi, yaro ya ce laima ta maƙiyiyarsu. Ban sa itace ba, kada ka ji tsoro. Ƙaiƙayi na sa, wuta sanyi-sanyi, na ɗora su bisa raga ina juyawa ɗai-ɗai. Kwana biyu ban taɓa kihin kowa ba. Da sunka bushe na shahe su da man gyaɗa, don mai saye da ido shika hwara saye. Taɓa ka ji, ko ɗigon laima babu. Wanga ko shekara ya yi ba abin da za ya same shi."

Na ɗauki ɗaya, man ya biyo yatsuna. Wannan na san shi, shi na je Kamba dominsa, na kwana biyu ban ci ba. Ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu, irin tsayuwar da take yi in baƙo ya ɗanɗana miyarta. A bayanta ga shinkafarta nan tana tsiro.

"Inna," na ce, "saura yaji."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wa maƙwabciya, "Kin ji shi ko? Haka ubanai yake." Na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Na koma Birnin Kebbi na gwada wanke ɗaya da sabulu, takardar ta biyo hannuna kamar ɓawon dafaffen dankali. Na bar sauran. Da anka kawo wuta na cusa ɗaya a inji, sai ga jirage sun fito suna harbi. Na cusa wani, ga 'yan ƙwallo. Talatin cikinsu sun kama, ko hurawa ban yi ba. Wutar Inna ba ta taɓa cikinsu ba, gwana ce da gaske. Sai zuciyata ta fara yi mini ƙarya, na ɗauki kwandon na nufi Gwadangaji.

Tun ina ƙofar falo kyanwar gidan ta taso ta zauna gabana. Injiniya ya yaye zanen, ya duba, ya mayar ya rufe a hankali kamar mai rufe gawa.

"Me ya same su?"

"Gyara anka yi musu, Yallaɓai. Na gargajiya. Amma suna yi, wallahi suna yi, talatin cur. A kawo inji ka gani."

"Na yarda suna yi."

"To?"

"Samari, ni ba wasan nake saye ba. Ka taɓa ganin na buga?"

"A yi ragi. A ba ni rabin mashin, in riƙa tura sauran."

Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ya ce ko kyauta ba zai iya sa su cikin kabad ba, warin zai kama sauran. Ya ɗauki ukun nan masu tsabta ya biya su da kyau, ya ƙara mini na mota, ya ce in gaida Inna. Bai zage ni ba, bai cuce ni ba. Na so a ce ya yi ɗaya ciki, da na samu wanda zan riƙa tsinewa.

Girbi ya zo, wanda ruwa ya bari. Ɗan kabu-kabu ya jira ni mako guda don mutunci, sannan ya sayar wa wani mai wankin hula. Kullum mashin ɗin sai ya wuce ta gaban tasha, na san ƙararsa tun daga nesa. Rumfata ma ba ta kai ƙarshen shekara ba. Wani ya buɗe shago da injin faifai da janareto, yara sunka kwashe gaba ɗaya, har waɗanda nake bari su buga kyauta. Na sayar da talabijin, na koma kiran fasinja a bakin motar Argungu. Bakin dai da ya kashe ni, shi nake ci da shi.

Baƙaƙen kuwa wani mutumin Gulma ya kwashe, mai kunna gem da batirin mota ranar kasuwa. Kashi-kashi munka yi cinikinsu a ƙasa, kamar tumatirin yamma. Shi bai damu da takarda ba, ya ce yaransa ma ba su iya karatu ba. Na haɗa kuɗin da na Injiniya, na je sayen shinkafa in mayar wa Inna buhunta, na tarar shinkafa ta yi gaba ta bar ni. Rabin buhun gero na iya.

Na same ta gaban gangar banda tana juya kifi, hayaƙi na shiga idonta. Ta dubi geron, ta dubi bayana, ta leƙa ƙofar gida.

"Ina shi?"

"Wa?"

"Mashin ɗin. Na gaya ma mutane. Har na ce ma kawunka kai za ka riƙa kai ni kasuwa."

"Yana hanya, Inna. Daga Legas za a taho da shi, ka san... kin san babu fetur."

"Mai sayen ya yaba dai?"

"Ya yaba. Ya ce bai taɓa ganin irinsu ba."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da juya kifinta. Can ta zaro tarwaɗa guda mai zafi ta naɗe mini a takarda, ta ce in ci a mota, na rame.

"In ka samu wasu, ka kawo da wuri, kada ka bari sai sun jiƙe. Na farkon nan huɗu wuta ta ɗan yi musu yawa, ban so ba. Yanzu na gane hannunsu."

Na ce to, Inna. Na fito na bi hanyar tasha da kifin a aljihu, ina duba direban da zai yarda ya ɗauke ni a bakin in kira mai fasinja.